Geron Dajin da Na Ɗauko wa Yaya Ummaru

Ranar Juma'a labarin ya same ni. A lambun da nake aiki a bayan garin Tamanrasat, maigidan yakan kulle wayoyin ma'aikata a akwati, sai an sauko daga masallacin Juma'a yake buɗewa. Na kunna tawa na tarar da saƙon murya bakwai. Shida daga ciki da doguwar gaisuwa suka fara, irin wadda ke sa gaban mutum ya faɗi. Na bakwai na Baffa Sule ne, ƙanen mahaifinmu, shi bai tsaya gaisuwa ba.

"Haruna, sai haƙuri. Ummaru ya cika ran Talata da hantsi. Mun yi mai sutura kahin azahar. Allah shi jiƙanai."

Na saurara sau biyu. Na sa wayar a aljihu na koma na buɗe wa tumatir ruwa, domin lokacinsa ya yi. Hamani, wani Bazabarme da muke ɗaki ɗaya, shi ya ga ruwan ya cika fangali yana malala ina tsaye ina kallo. Ya karɓi shebur daga hannuna ya toshe ruwan.

Ummaru yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi ya koyar a firamare a Illela. Ni daga sakandare na tsaya, na shiga lodin albasa a bakin iyaka. Gonarmu ta gado tana Lafani, kuma a can ya kamu da abin da mutane suka san shi da shi har ya mutu, wato shibra.

Wanda bai yi noma ba sai a gaya masa. Shibra wani tsiro ne da ke fitowa cikin gero ba tare da an shuka shi ba. Yana ƙarami ba ka raba shi da gero. Sai ya fid da kai za ka gane an yaudare ka, zangarniyarsa siririya mai gashi, kuma kafin a zo girbi ta zubar da 'ya'yanta ƙasa. Kowane manomi ya tsane ta. Yaya Ummaru kuwa shekara goma sha tara yana tara ta. Duk kaka sai ya bi gonakin Lafani da Garu da Tozai yana yankar kanta, ya murje, ya gauraya da toka, ya zuba a kwalba ya liƙa lamba, ya rubuta a littafi gonar wane ce, sau nawa aka nome ta, wa ya nome ta. Bayan 'yan shekaru sai ya sake shuka tsofaffin a bayan gida don kada su mutu.

Wata rana muna noman firi, wato noman farko bayan shuka, ya tsaya ya dogara da hauya.

"Haruna, wa ke noman shibra?"

"Ba kowa, Yaya. Allah ke hiddo ta."

"Allah ke hiddo komi. Amma kai ke zaɓa mata iri. Dubi abin da hannunka ke yi. Wadda ganyenta bai yi kama da gero ba, ka sare. Wadda tay yi kama, ka bari, har ka tara mata ƙasa. Baɗi 'ya'yan wa za su hito? Na wadda ka bari. Shekara ɗari kakanninmu na wanga aiki, suna koya mata ɓuya."

Ya ce ya lura gonar manomi mai ƙwazo ita ta fi shibra mai wuyar ganewa, ta malalaci kuwa shibrarta ko makaho ya laluba ya san ciyawa ce. A wani tsohon littafin makaranta ya karanta labarin wani Bature da ya zaga duniya a jirgin ruwa yana tara ƙwari da tsuntsaye, ya dawo ya zauna fiye da shekara ashirin yana kiwon tantabaru yana juya abin da ya gani kafin ya yarda ya rubuta. Yaya yana son wannan mutum saboda jinkirinsa. Yakan ce wanda bai yi gaggawa ba shi ya ga wani abu.

A majalisar bakin kasuwa ba su bar shi ya huta ba. Akwai wani dillalin shanu da duk ya gan shi sai ya ɗaga murya.

"Malam Ummaru, yaushe za ka kai mu gaisuwa wurin kakanka biri?"

"Ni maganar gero nike yi, Alhaji. In kai ka ga kama tsakaninka da biri, wanga zancen gidanku ne."

A yi dariya, shi ma ya yi. Amma in mun dawo gida sai ya shige ɗaki wurin kwalabensa.

Abu ɗaya ya rage masa. Ya ji daga bakin makiyaya cewa can arewa, inda hauya ba ta taɓa shiga ba, akwai geron daji. Ya yi imani shi ne asalin shibra. In ya samu ya shuka shi layi ɗaya, kusa da shibrar shekarun da ya tara, kowa zai ga hanyar da abin ya biyo da idonsa, ba sai an yi gardama ba. Lokacin ciwon hanta ya fara kwantar da shi, kasuwar iyaka kuma ta mutu, lodi ya yanke. Da na ce zan tafi arewa neman aiki, bai hana ni ba.

"Wancan Bature yana da jirgi," in ji shi. "Ni kai gare ni. Ka buɗe ido."

Direban da ya ɗauke mu daga Tawa ya rantse har Agadas zai kai mu. Mun wuce Abalak kaɗan ya tsaya, ya ce mu tara da ke baya mu sauka a rage wa mota nauyi ta haye wani yashi. Muka sauka, har muka tura. Motar ta haye, ta ci gaba da tafiya. Muka tsaya muna jiran ta tsaya har ƙurarta ta kwanta. Wani dattijo daga Gada da ke cikinmu ya ce, "Ai mu muka tura ta ma." Ba wanda ya yi dariya. Ni dai jakata tana kafaɗata, abin da ya cece ni ke nan.

Sauran suka juya Abalak da ƙafa. Ni na bi sawun dabbobi har wata rijiya inda wasu Buzaye suka yi zango. Kwana goma sha biyu na yi da su, ina jan guga ina shayar da raƙuma, su ba ni nono da abin da ya samu. Tafin hannuna ya ɗaye tun kwana na biyu. Ba wanda ya wulaƙanta ni, ba kuma wanda ya damu da ni, sai wata tsohuwa da 'ya'yanta ke kira Anna, ni ma na bi su da kiran. Ita ta shafa mini man shanu a hannu ta ɗaure da tsumma.

Kowace safiya Anna takan fita da kwando ta dawo da wata ƙaramar tsaba. Na tambaye ta da Hausa, ta amsa da tata Hausar mai karyewa. Tsabar ciyawa ce take kaɗowa, wani lokaci kuma ta tone rumbun tururuwa ta kwashe rabi ta bar musu rabi. Na kwatanta mata abin da nake nema. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Mutumin Hausa, ku da gero kamar dantse, kai ka zo neman na tururuwa?"

Amma washegari ta kai ni. Wani kwari ne tsakanin tuddai biyu, tafiyar hantsi guda. Ina ganinsa na gane shi, kamar yadda kake gane ɗan'uwa da ba ka taɓa gani ba saboda goshin gidanku. Kara sirara da yawa daga gindi ɗaya, ganye ƙanana, kai bai wuce yatsa ba, gashi ya rufe shi. Na taɓa ɗaya, tsabar ta zube a tafina tun ban murza ba. Na durƙusa a wurin na daɗe.

Anna ta tsinke wani gajere ta nuna mini.

"Wanga wayo gare shi. Wanda ya tsaya yin tsawo, raƙumi ya cinye. Wanda ya yi sauri ya zubar da 'ya'ya, shi ke dawowa baɗi. Da, lokacin ina yarinya, sun fi haka tsawo. Yanzu dabbobi sun yi yawa, duk sun zama gajeru."

Na tara ƙulli uku daga wurare uku na kwarin. Ranar da wata motar gishiri ta yarda ta ɗauke ni, Anna ta cusa mini cuku biyu a aljihu ta juya ba ta jira godiya ba. Ban san sunanta na gaskiya ba.

A Agadas na sami waya ta kama. Na aika wa Yaya hoton da na ɗauka, na faɗa masa maganar tsohuwar. Saƙonsa ya zo yana haki saboda murna.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Kara nawa ka ƙirga a gindi guda? Ba ka ƙirga ba? Haruna, Haruna, ido na ce ka buɗe, ba baki ba. Ita kuwa tsohuwag ga, ka ji min, ta hi malamai da yawa da na sani. Abin da hauyarmu ke yi, shi bakin raƙumi ke yi. Ka riƙe shi da kyau, kada ya sha raɓa."

Wata biyu na yi a Agadas ina buga bulo. Muna kwana mu goma sha ɗaya a wani kango mara ƙofa. Abin da ya fi damuna ba aikin ba ne, ranar Lahadi ce. Duk Lahadi da hantsi sai na ji kamar ina jin kukan shanu da hayaniyar kasuwarmu, na ji ƙanshin tsiren bakin tasha, alhali ba komai gabana sai laka da ƙasa ja. Furar can ma ba ta da yaji, ruwa ce kawai da aka nuna wa gero.

Wani baduku ɗan Madawa ya ba ni shawara. Ya ce a hanyar arewa ana zazzage jaka a zubar da duk abin da ba a gane ba, amma ba mai son taɓa laya. Ya ɗinke mini ƙulli ɗaya cikin jar fata, na ɗaura a dantse. Sauran biyun na bar su a jaka cikin safa.

A nan ne na yi abin da har yau nake juyawa. Na haɗu da wani direban babbar mota ɗan unguwarmu, ya sauke albasa zai koma Illela washegari. Ya san Yaya, ya yi karatu a hannunsa. Na gaya masa abin da na ɗauko.

"Kawo saƙon Malam in kai mai. Jibi war haka yana hannunai."

Na ce a'a. Na ce ina tsoron ya ɓata a hanya. Ba gaskiya ba ne. So nake ni da kaina in zuba masa a tafin hannu in ga fuskarsa. Duk rayuwata shi ke ba ni, ban taɓa kawo masa abin da ya rasa ba. Kuma ina jin kunyar in koma gida da tsabar ciyawa kaɗai, ba ko turmin atamfa na matata. Na ce bari in ƙara gaba, in yi wata uku in dawo kafin damina. Direban ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Wani dillali ya ce akwai aikin tsaron kanti a Tamanrasat, inuwa da fanka. Muka ƙetare a bayan wata mota mu ashirin da wani abu, kowa ya riƙe sanda da aka kafe tsakanin ƙafafunsa don kada ya faɗo. Da muka isa babu kanti. Lambu ne mai katanga, nesa da gari. Maigidan ya karɓi takardunmu ya ce zai adana mana, ya karɓi wayoyi. Bai taɓa tambayar sunana ba. Duk baƙin mutum da ke lambun suna ɗaya yake kiransa da shi, kuma ba suna ba ne.

Hamani ya riga ni da shekara guda. Shi ya koya mini kalmomin Larabcin da ake zagi da su, don in san lokacin da zan sunkuyar da kai. Ya ga layar dantsena ya ce ta mece ce, ta bindiga ko ta mata. Na ce ta gero ce. Ya ce, "Kai, Hausawa. Ko tsafinku ma na tuwo ne."

A lambun akwai wani farin ƙuda da ke cin tumatir. Duk mako muna fesa magani, ƙudan na ƙaruwa. Maigidan ya ce mu ke satar maganin muna ƙara ruwa, ya sa aka zazzage ɗakinmu, ya hana mu abincin rana kwana biyu. Hamani ya ce shekarar da ya zo fesawa ɗaya ke share su. Ranar Juma'a na ba Yaya labari. Juma'a ta gaba na sami amsa. Muryarsa ta ragu, yana tsayawa tsakanin kalmomi.

"Ku ba ku saci komi ba. Maigidanku ne ke kiwon su bai sani ba. Masu rauni sun mutu tun bara, masu taurin rai sun haihu. Gaya mai... a'a, kada ka gaya mai, shi kore ka. Ka rubuta min dai, mako nawa, magani wane iri. Haruna, in an yi ruwan hwari ka same ni Lafani. Na gyara wurin, kusurwar gabas, kusa da aduwa."

Na amsa na ce in Allah ya yarda. Na tambayi jikinsa, mako ya zagayo ya ce da sauƙi. Haka ya riƙa cewa har Juma'ar da saƙon Baffa Sule ya zo.

Washegarin labarin na sami maigidan na ce yayana ya rasu, ina son takarduna. Hamani ya fassara. Mutumin ya ce Allah ya jiƙansa, har ya ɗaga hannu ya shafa. Sannan ya ƙara wata magana, Hamani ya ƙi fassarawa. Na ce ya faɗa mini.

"Ya ce wanda ya mutu ya riga ya mutu, tumatir kuwa bai nuna ba tukuna."

Da rana muna cin abinci Hamani ya gaya mini hanya ɗaya da ta rage. Akwai wata mararraba a gari inda baƙi ke tsayawa jiran aikin yini, nan masu kaki ke zuwa kamu. Wanda aka kama ana mayar da shi iyaka.

"Mota ce kyauta," in ji shi. "Sai dai ba ta kai ka ƙofar gida."

Ya cire takalminsa rufaffe ya ba ni, ya karɓi silifas ɗina. Ya ce zan gane dalili.

Na haura katanga da sassafe. Kwana uku ina tsayawa a mararrabar kamar mai jiran baƙo. Duk wanda ke wurin idonsa na kan hanya don ya gudu, ni idona na kan hanya don kada su wuce ni. Rana ta uku suka zo, kowa ya watse, na tsaya. Wanda ya kama ni har ya yi mamaki, amma bai hana shi dukana ba.

Kwana shida muka yi a wani fili mai waya. Aka karɓe jakunkuna aka tara gefe, ba a mayar ba. Ƙulli biyun da ke cikin safa nan suka tsaya. Wani ya ja layar dantsena, ya kira abokinsa suka yi dariya, ya sake ta ya goge hannunsa a wando. Baduku ya yi gaskiya.

Aka loda mu a manyan motoci, aka sauke mu da safe a wani wuri da babu komai, aka nuna mana kudu da hannu. Aka ce Asamaka, garin bakin iyaka, na can. Yashin kafin hantsi ya zama garwashi. Na ga masu silifas suna yage riga suna naɗe ƙafa, na ga wata mata ta zauna ta ce a wuce ta. Mu biyu muka ɗaga ta. Ban yi tunanin Yaya ba a tafiyar nan, ban yi tunanin kowa ba. Hannuna dai na dama yana kan layar, har sai da fatar ta yi mini shaida a dantse.

Daga Asamaka zuwa Illela na yi kwana goma sha tara, mota zuwa mota. Na shigo ta Konni da ƙafa, sama ta fara haɗa gajimare.

Na fara zuwa maƙabarta, Baffa Sule ya nuna mini. Sannan na shiga gida na gai da matar Yaya, tana cikin takaba, muka yi kuka kaɗan. Na ce a buɗe mini ɗakinsa.

Littattafan suna nan a kan tebur, guda biyar. Katakon da kwalabe ke jere kuwa fayau. Na fito tsakar gida na ga kwalaben a kife a kan tabarma, an wanke su tas, an kankare takardun da ke jikinsu. Wasu har an zuba man gyaɗa.

Goggo Hajo, yayar mahaifinmu, ita ta riƙe gidan lokacin zaman makoki. Tana zaune tana tsinkar zogale.

"Goggo, ina abin da ke cikin kwalaben ga?"

"Hatsin? Ai shi mun ka yi sadakar uku da shi."

Na ce, "Mi?"

"Bazara ce, ɗana, rumbu ya yi ƙasa, ga mutane cike da ƙohwar gida. Na shiga na ga hatsi jere awa kantin magani. Mun ka juye wuri guda, mun ka wanke tokar, mun ka ƙara da na rumbu, an ka yi gumba. Ƙanana ne, sun ba mu wahala wurin surhe. Amma ta yi daɗi, kowa ya ci ya yi mai addu'a."

"Goggo, shekara goma sha tara ne."

"To, ba gara shi bi shi kabari ba? Mi za a yi da hatsin mamaci in ba sadaka ba? Ko ƙwari za a bar ma?"

Ta dube ni da idon da bai san ya yi laifi ba, kuma ban ga ta inda zan ce ta yi ba. Matar Yaya daga ɗaki ta ce ta so ta yi magana, amma a ranar ba a jin muryar mai takaba. Na koma ɗakin na buɗe littafi. Kowane shafi lamba ce, da sunan gona, da bayanin ganye. Lamba ta ɗaya har zuwa ɗari biyu da wani abu, kowace tana nuni ga kwalbar da yanzu man gyaɗa ke ciki.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara. Na tafi Lafani na sami kusurwar gabas kusa da aduwa. Ya share ta da gaske, har ya ja layuka, ba mu san da wane ƙarfi ba. Na farke layar da reza. Tsabar ba ta cika tafin hannu ba. Na shuka rami arba'in, na kafa wa kowane sanda na ɗaura tsumma. Sauran gonar na shuka gero kamar kullum, saboda marayunsa huɗu za su ci. Na ce a raina ko babu kwalabe, shibrar gonarmu za ta fito da kanta, in gwada su gefe da gefe in rubuta abin da na gani a shafin da ya bari.

Ban gaya wa kowa ba. Na gaji da jin sunansa a bakin masu dariya, ban so a ce haukan ya koma kan ƙane.

Talatin da ɗaya suka tsiro. Kullum da safe ina wurin da littafi. Na ƙirga kara a kowane gindi, wannan karon na ƙirga. Mako na huɗu aka ce an sami lodi a bakin iyaka, na kwana biyu. Gidan babu cefane, na tafi.

Ranar da na dawo, tun daga nesa na ga gonar ta yi fes. Mutane kusan ashirin suna zaune a gindin aduwa suna shan fura, hauyoyi a jingine. Baffa Sule ya taso yana murmushi.

"Gayya mun ka yi ma marayu. Mun ce kada ka ji, kai da ka sha wuyar hanya. Dubi, ko tsinke ba mu bari ba."

Na wuce shi na nufi kusurwar. Sandunan an tattara su wuri ɗaya an jingine a jikin itace, da tsummokinsu. Ƙasa a nome, an juya ta da kyau. Ganyayen sirara suna kwance a rana sun riga sun yi yaushi.

Baffa ya biyo ni.

"Nan ne tah hi ƙazanta. Wata irin ciyawa ce ban san ta ba, ga sanduna da yara sun ka kahe. Ni da kaina na yi wurin. Gero biyu kaɗai na samu ciki, ga su can, na tara masu ƙasa."

Na duba. Gindi biyu ne tsaye, ganyensu ya fi na sauran faɗi. Na durƙusa na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka sare, na riƙe shi kusa da su. Duk wanda bai yi kama da gero ba hauya ta ɗauke shi, biyun da suka yi kama an bar su, har an yi musu gata. Abin da Yaya ya faɗa mini muna noman firi ke nan, an yi shi a gabana cikin yini ɗaya, da hannun Baffa, mutumin da ya yi wa gawarsa wanka.

"Lahiya, Haruna?"

"Lahiya lau, Baffa. Allah shi saka da alheri."

Na je na gai da mutanen ɗaya bayan ɗaya, na yi musu godiya. Dillalin shanun nan ma yana cikinsu, ya zo da hauyarsa, ya riƙe hannuna ya ce Malam Ummaru mutumin kirki ne.

Gindi biyun sun fid da kai kafin sauran gonar, sirara masu gashi. Na ɗaure su da tsumma don kada su zube, na yanke, suna rataye a ɗakinsa. Tun da aka cire sandunan ban san ramin da suka fito ba. Mai yiwuwa na kwarin Anna ne, mai yiwuwa shibrar gonarmu ce da ta daɗe a ƙasa. Yaya da ya duba sau ɗaya zai faɗa. Ni na duba har na gaji.

Ban ba su lamba ba tukuna, kuma shafin da ya bari yana nan ban rubuta komai a kai ba.